Giyar hannu tsakanin gosulon Mararaba da Hawan Kibo

Golf GTI nake hawa, ƙirar 2008, ja, 'yar Kwatano, mai giyar hannu shida. Da ita nake zuwa aiki, da ita ake kai yara makaranta, da ita ake cefane, kuma ita nake ɗauka in hau Jos gaida Hajiya. Ba ni da wata motar. Na fara da faɗin haka ne domin da yawa cikin masu yabon giyar hannu suna da otomatik ajiye a gida wadda suke fita aiki da ita, sai ranar hutu su fito da ta nishaɗin. Ni kuwa mota ɗaya ce ke ɗaukar duk hidimar gidana, kuma a Mararaba nake zaune, wurin aikina yana Garki.

Wanda ya san wannan hanya ya san abin da nake nufi. Daga Mararaba zuwa Nyanya, daga Nyanya a hau tudun Kugbo kafin a kai mahaɗar AYA, idan ranar Litinin ce da safe mota ba ta wuce giya ta biyu. Ka taka kuloci, ka sa ta ɗaya, ka matsa tsawon mota guda, ka tsaya, ka mayar furi. A kan tudun Kugbo kuma na bayanka ya manne maka, ba damar ka koma baya ko taku ɗaya, dole sai da burkin hannu ko rabin kuloci. Akwai ranakun da nake isa ofis gwiwata ta hagu na zafi. Duk wanda ya ce maka giyar hannu ba ta gajiyarwa a gosulo, ba ya bin hanya irin tawa. Idan na dubi na gefena cikin Camry, ƙafa ɗaya a kan burki yana sauraren rediyo hankali kwance, na san ya fi ni hutu.

Batun gudu ma otomatik ce a gaba, aƙalla a irin motata. Kamfanin Volkswagen ya fitar da wannan GTI ɗin, zubi na biyar, a 2004 da inji mai lita 2 da turbo, ƙarfin doki 200, kuma ya ba mai saye zaɓi biyu: giyar hannu, ko giyar otomatik da suke kira DSG, wadda suka fara sakawa a Golf R32 a 2003. A lissafin kamfanin da kansa, mai giyar hannu tana kaiwa gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 7.2, mai DSG kuma 6.9. Dalilin a fili yake. DSG kuloci biyu gare ta a ciki: ɗaya yana riƙe da giya ta 1, 3, 5 da ribas, ɗayan yana da 2, 4, 6. Kana tafiya a ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai wannan kuloci ya saki wancan ya kama, kafin ƙiftawar ido. Babu hannun ɗan Adam da zai yi wannan saurin. Tsohuwar maganar nan da muka taso muna ji, cewa manuwal ta fi gudu ta fi rashin shan mai, gaskiya ce a zamanin otomatik mai giya uku ko huɗu. Yanzu bambancin shan man ya ragu ƙwarai, ƙafar direba ta fi giya tasiri a kansa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 nake lura da abin da nake zubawa, kuma abin da ke cinye mini mai tsayuwa ce da na'urar sanyaya mota a kunne, ba irin giyar ba.

To me ya sa na zauna a kan giyar hannu? Dalili biyu ne, ɗaya na aljihu, ɗaya na rai.

Na aljihun ya samo asali ne daga wani abu da masu sayen mota da yawa ba su kula da shi ba. Mu a nan komai otomatik ne, alhali iri uku ne mabambanta. Akwai ta gargajiya, wadda mai ne ke haɗa inji da giya, irin ta tsofaffin Camry da Accord da Corolla. Wannan tana da haƙuri, ka yini kana rarrafe da ita a gosulo ba za ta yi ƙorafi ba, matuƙar manta na da kyau kuma ba ta ɗauki zafi ba. Akwai CVT, mai bel da kwarkwaro biyu, irin ta Nissan da yawa da sababbin Corolla, wadda ba ta da matakan giya na gaske. Sai kuma mai kuloci biyu, irin DSG. Ita wannan ta ukun a cikinta giyar hannu ce, kwamfuta ce kawai ke taka mata kuloci. Saboda haka idan kana sakin burki kaɗan-kaɗan kana rarrafe a tudun Kugbo, rabin kuloci take yi, kamar yadda ni ma nake yi da ƙafata, sai dai ni ina jin lokacin da ya kamata in daina, kai kuwa ba ka ji.

DSG ta GTI mai giya shida kulocinta a cikin mai yake iyo, ta fi ɗaukar wahala, amma kamfanin ya shar'anta a sauya man da matatarsa duk kilomita 60,000, kuma man na musamman ne. A nan gizo ke saƙa. Motar da ta yi shekara goma sha wani abu a Turai ko Amurka, ta bi hannun mutum biyu ko uku, ta hau jirgin ruwa, ta zauna a hannun dillali, wa zai rantse maka cewa an taɓa sauya mata wannan man? Lambar kilomitan da ke jikin agogonta ma ba kullum ake yarda da ita ba. Sayen irinta ba tare da tarihin gyara ba cinikin biri ne a sama. Lokacin da nake neman mota na je da bakanikena ganin wata mai DSG, fes da ita, kujerun fata, babu ko ƙwarzane. Ya zaga da ita, ya sa ribas ya ji ta ɗan yi jinkiri sannan ta fizga, ya dawo ya ce mini, "Yallaɓai, motar ta yi kyau, amma idan ƙwaƙwalwar giyar nan ta tashi, ni ba zan buɗe ta ba. Sai dai mu nemo wata daga kasuwar Ladipo ta Legas mu ɗora, ita ma ba mu san cikinta ba." Abin da yake kira ƙwaƙwalwar giya shi ne mekatronik, akwatin da ya haɗa kwamfuta da bawul-bawul masu tura mai. Na ji daɗin yadda ya gaya mini iyakar saninsa. Wani da zai karɓi motar ya ɗura mata man otomatik na gama-gari, ya kashe ta.

Tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. A 2013 Volkswagen ya janye motoci kusan 384,000 a China saboda matsalar DSG, daga baya a cikin shekarar ya kira wasu kimanin miliyan 1.6 a duniya domin sauya musu mai. Abin ya shafi ƙaramar DSG ce mai giya bakwai da busasshen kuloci, ba irin ta Golf GTI ba, amma bayanin da aka bayar ya tsaya mini a rai: yanayi mai zafi da laima, da yawan tsayawa da tashi a cunkoso. Wannan ai siffar Abuja ce da damina. Ford ma ya sha ƙararraki a kotunan Amurka kan irin wannan giyar a Focus na 2012 zuwa 2016, kuma motocin nan da yawa sun gangaro kasuwanninmu.

Giyar hannu ma tana da nata kuɗin. Faifan kuloci yana cinyewa, a hanya irin tawa kuma da wuri. Filawil ɗin GTI, wato faifan ƙarfen jikin inji da kuloci ke kamawa, mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, idan ya fara ƙara sai an sauya shi gaba ɗaya, ba araha gare shi ba. Amma lalacewar tana yi maka sallama tun daga nesa: za ka ji inji yana ihu mota ba ta ƙara gudu, ka san kana da sauran lokacin tara kuɗi. Kuma daga Apo a Abuja zuwa Panteka a Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, babu garin da za ka rasa wanda ya iya sauke giyar hannu ya mayar. Direbobin haya da ke bin dogon zango da Golf 3 da Sharon sun daɗe da yin wannan lissafin, shi ya sa da wuya ka ga otomatik a tasha. Batir ya yi sanyi a ƙauye, samari biyu su tura ka, ka saki kuloci a ta biyu ta tashi. Otomatik ba a tayar da ita da turi, jan ta da igiya ma yana da iyaka: littafin Volkswagen ya ce kada a wuce kilomita 50, kuma kada gudun ya wuce 50.

Dalili na biyu ba ya shiga lissafi. Da Fijo 504 ta mahaifina na koyi mota, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma shi ne ya koya mini sauraren inji kafin duba agogo. Idan na bar Akwanga na wuce mahaɗar Forest, hanya ta fara miƙewa sama a Hawan Kibo, a nan nake tuna abin da ya sa na sayi wannan motar. Kwana tana zuwa, na ɗan taɓa burki, na taka kuloci, na ɗan zungure totur domin juyin inji ya yi daidai da giyar da zan shiga, na sauko daga ta huɗu zuwa ta uku ba tare da motar ta ko girgiza ba. Tirela tana gaba tana nishi, na zauna a bayanta a ta uku ina jiran inda hanya za ta buɗe, turbo a cike, da na ga fili sai in taka ta wuce nan take. Ni na zaɓi giyar tun kafin buƙata ta zo, domin idona ya ga abin da ke gaba, kwamfuta kuwa sai abin ya faru take sani. Iskar Filato tana shigowa da sanyinta ta taga, ƙarar injin tana sauyawa da kowane motsin hannuna. Telan da ya saba da keken ƙafa zai gane wannan: na lantarki ya fi sauri, amma a na ƙafa yana jin kaurin yadin tun daga tafin ƙafarsa. Ba gudun ganganci nake magana ba, da iyalina a ciki nake bin hanyar, kuma na ga ɓaraguzan motoci a gefenta da yawa. Daɗin yana cikin yin kowane sauyi daidai, ko da a gudun 60 ne.

A dawowa kuma, gangaren ne ke nuna amfanin giya. Ina saukowa a ta uku, wani wurin ta biyu, inji ne ke riƙe motar, burki sai taɓawa jefi-jefi. Sau da yawa nakan bi bayan mota in ga jar fitilarta a kunne tun daga sama har ƙasa, warin burki yana dukan hanci. Burkin da ya ɗauki zafi haka yana iya daina kamawa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Don Allah masu otomatik, L ɗin nan da 2 ko S da ke jikin sandar giyarku, ko alamar + da −, domin irin wannan gangaren aka yi su. Ku yi amfani da su. Mai DSG ma yana iya riƙe giyar da yake so da hannu, a wannan fannin ba ta gaza ba.

Matata tana tuƙa motar, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta. Ta iya sarai, ba ta bari ta mutu mata ko a tudu, amma takan ce, "Abban yara, kai kake jin daɗinta a hanyar Jos, ni kuwa layin ƙofar makaranta da kasuwar Karu na sani." Tana da gaskiya, kuma mun yi magana cewa duk ranar da Allah Ya hore ta biyu, otomatik ce, irin ta gargajiya. Dillalai ma sun gaya mini ranar sayarwa zan sha jira, domin masu sayen mota a Abuja da sun leƙa sun ga feda uku sai su juya. Kamfanonin su ma sun juya. A Amurka, inda yawancin motocinmu ke fitowa, sababbi masu giyar hannu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Volkswagen da ya fara GTI a 1976 da giyar hannu huɗu da kan sanda mai siffar ƙwallon golf, ya daina yi mata giyar hannu a 2024. Honda dai har yanzu ta hannu kaɗai yake saka wa Civic Si da Type R. Wannan labarin ya sa na ƙara riƙe tawa da kyau.

Kwanan baya ƙanena, wanda ke zaune a Masaka, gaba da ni ma a cikin gosulon, ya ce, "Yaya, irin taka nake so." Na tambaye shi sau nawa yake fita gari a shekara, ya ce sai da Sallah. Na ce masa to kada ya sayi irin tawa, kuma kada ya sayi tsohuwar DSG da ba ta da takardun gyara. Ya nemi Mazda 3 mai lita 2 ko Accord mai otomatik ta gargajiya, duka biyun suna da kuzari suna kuma kama kwana da kyau. Kafin ya biya, ya tayar da ita da sanyin safiya tun injin bai ɗumama ba, ya ji yadda take shiga D da ribas, ya zaro sandar man giya ya duba ko ja ne ko ya yi baƙi yana warin ƙuna, a sa mata kwamfuta a duba lafiyarta, sannan ya shiga cunkoso da ita har ta yi zafi, domin giya mai ciwo takan ɓoye shi a zagayen minti biyar da dillali ke bari a yi.