Hoton littafi daban, majiyyaci daban

Ƙannena masu karatun likitanci, kuskuren da ya fi daɗewa tare da ni shi ne haddace hoto a maimakon abin da hoton yake nunawa. Mai zane ya share kitse, ya tsane jini, ya shafa wa jijiyar da ke fita daga zuciya ja, mai komawa shuɗi, jijiyar saƙo rawaya. A ɗakin fiɗar gawa ba ko ɗaya. Komai ruwan ƙasa-ƙasa ne, sai yatsa ke raba gardama: mai fita bangonta da kauri, tana nan a buɗe kamar tiyo, mai komawa ta lotse, ta saƙo kuwa ba rami, igiya ce kawai. Launin ma da tarkonsa, don a zanen zuciya jijiyar da ke kai jini huhu shuɗiya ce, alhali fita take yi. Can launin yawan oksijin yake nufi.

Maganin da na sani ɗaya ne. Ka rufe littafin, ka zana da ka, ka buɗe, ka gyara da biro mai wani launi. Inda gyara ya taru, nan jahilcinka yake. Kyan zanen ba ruwan kowa.

Sai hoton ƙirji na X-ray. Damar majiyyaci tana hagunka, kamar mutum ya tsaya yana fuskantarka, don haka ka nemi harafin L (hagu) ko R (dama) kafin ka buɗe baki. A hoton CT kuma, mai nuna cikin jiki yanki-yanki, ka ƙaddara yana kwance rigingine, kai kana kallo daga wajen ƙafafunsa. Shi ya sa hanta take hagun allo. Abin da ya fi kayar da ni shi ne girman zuciya. Dokar cewa kada ta wuce rabin faɗin ƙirji, ta hoton PA ce, wanda aka ɗauka mutum na tsaye, ya cika huhu da iska, hasken ya shigo ta baya. In kan gado aka ɗauka, wato AP, hasken ya shigo ta gaba, zuciya ta yi nisa da farantin ɗaukar hoton, inuwarta sai ta ƙaru, kai kuma ka rubuta kumburin da babu shi. Ido kuma malalaci ne, da ya ga abu ɗaya sai ya zauna. Ka tilasta masa leƙa ƙololuwar huhu, da bayan zuciya, da ƙarƙashin tantanin numfashi, kowane lokaci.

Hotunan cutar fata na yawancin littattafai a jikin farar fata aka ɗauke su. Ka haddace "ja", ka je ga mai duhun fata ka yi ta neman ja, ba za ka gan shi ba. A can kumburi yakan fito da duhu, ko ruwan hanta, ko toka-toka, wani lokaci sai ka taɓa ka ji zafi da tauri. Shawara a farin ido ake nemanta, da hasken rana; ƙarancin jini a cikin fatar ido ta ƙasa da tafin hannu. Kowace cuta ka nemi hotonta a fata iri-iri, uku ko huɗu.

Hoton da ba ma'auni kuwa, rabin labari ne. A madubin likita jan ƙwayar jini ce rularka, faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A takardar ECG, wato zanen bugun zuciya, ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne, babba 0.2, amma sai in takardar na tafiya milimita 25 a daƙiƙa. In an sa ta a 50 ba ka duba ba, zuciya mai bugu 80 za ka lissafa mata 40.

Ranar da koyarwa ta faɗo kanka, kada ka cusa hoto shida a allo ɗaya kamar yadda na riƙa yi. Ɗaya ya isa, ba kibiya, ba suna. Ka yi shiru su kalla, wani ya faɗi abin da ya gani, sannan ka fito da kibiyar. Hoton lafiyayye ya riga na mai cuta zuwa.

In hoton majiyyaci ne, a nemi izininsa a rubuce. Baƙin layi a kan ido ba ya ɓoye mutum, tabo ko zobe ma kan tona shi. Ka yanke sunan da ke kusurwar hoton, ka kuma tuna fayil ɗin asibiti na ɗauke da suna da ranar haihuwa a cikinsa, ko da ba su fito a allo ba.