Shanu marasa tozo a duwatsun Birnin Kudu

Hanyar Maraɗi zuwa Kano ba sai na faɗa ba: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina. Ka dai canza sefarka tun a iyaka, ka nemi ƙananan takardun naira, katin shaida kuma ya zauna a aljihun gaba. A wani shinge wani mai kaki ya yi ta juya nawa yana cewa shi bai jin Faransanci, sai da direba ya sauko ya ba shi baki. Daga Kano motar ta bi ta gadar Wudil, awa biyu da ɗoriya muka shiga Birnin Kudu, jihar Jigawa.

Mu yashi muka sani, ko gulbinmu yawancin shekara rairayi ne. Can kuwa duwatsu ne ɗaya bisa ɗaya, kamar an jera buhunan gero. Zanen mutanen dā da muka zo gani yana ƙarƙashin rumfar dutse a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ja da fari, galibi shanu. Abin da ya tsayar da ni: ba su da tozo. Wasu dogon ƙaho, wasu gajere irin muturu, ƙananan shanun nan na kudu. Ka wuni a kasuwar dabbobinmu ba za ka ga irinsu ba.

Na miƙa hannu, dattijon da ke mana jagora ya riƙe ni. "A'a ɗana, ido kawai." Maiƙon hannu yana dusashe launin. Masu watsa ruwa don hoto ya fito sun fi ɓarna, ruwan yana jawo gishirin dutse ya rufe zanen.

Sai duwatsu masu amo, waɗanda Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Ka sami dutse daidai dunƙulen hannu, ka buga cikin gurbin da aka riga aka cinye, ba sabon wuri ba. Ƙara take kamar ƙarfe, kowane gurbi da muryarsa.

Hawa kuwa, kafin ƙarfe 10 na safe, in rana ta take dutsen ba ya taɓuwa. Silifas yaudara ne, ko takalmi mai kamu ko ƙafa tsirara. Saukowa ta fi wuya: juya ka fuskanci dutsen, ƙafa ta fara sauka. In an yi ruwa, haƙura.

Baba jagoranmu ya ƙi barinmu sai da muka sha fura a zaurensa. Ta yi daɗi, amma nonon bai kai namu kauri ba. Kano muka kwana, washegari la'asar muna gida.