Napoli, a kan sawun Boveri

Daga Roma na hau jirgin ƙasa, awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga Napoli. Ban tsaya yawon gari ba, na miƙe bakin teku zuwa lambun Villa Comunale, inda cibiyar nazarin halittun ruwa da Anton Dohrn ya kafa a 1872 take. Jama'a na cincirindo gaban tankunan manyan kifaye, ni kuwa bushiyar teku nake nema, 'yar dunƙulalliyar halitta mai ƙayoyi wadda ba ta ɗaukar ido.

Ƙwanta ne ya riƙa kawo masanin halittu Theodor Boveri nan daga Jamus. Shi ya raɗa wa santirosom suna, wani ɗan ɗigo a cikin ƙwayar halitta. Ɗaya ne, sai in ƙwayar za ta rabu ya zama biyu, kowanne ya kama gefensa, su miƙa zarurruka su raba kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, daidai wa daida. Boveri ya lura cewa in maniyyi biyu suka shiga ƙwai ɗaya, gefen kan zama huɗu, kamar mutum huɗu na jan tabarma ɗaya. Wata ƙwayar ta kwashi fiye da rabonta, wata ta tashi da giɓi, yawancin 'ya'yan su lalace. A 1914 ya rubuta cewa irin wannan karkataccen rabo na iya zama mafarin ciwon daji. Shekara na zagayowa ya rasu.

Da na fito na zauna ina fuskantar dutsen Besubiyas, abin ya tsaya mini a rai. Kusan shekara ɗari maganar Boveri na jiran hujja! Sai a 2008 aka nuna a jikin ƙudaje cewa yawan santirosom na haddasa ƙari, a 2017 aka gani a ɓeraye. Cutar HPV, mai kawo sankarar bakin mahaifa, ita ma tana sa santirosom ya hayayyafa fiye da ƙima. In kuma an gaji nakasa a ƙwayoyin gadon da ke gina shi, ana iya haihuwar jariri da ƙaramin kai, don ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba su yawaita ba.

A jirgin komawa tambaya ɗaya na riƙa juyawa: me ya hana ƙwayar daji mutuwa kamar 'ya'yan bushiyar? Dabararta ita ce ta tattara rarar santirosom ɗin gefe biyu, ta rabu da kyar ta tsira. Lafiyayyar ƙwaya ba ta dogara da wannan dabara, shi ya sa masu bincike ke neman maganin da zai wargaza tarin.