Godiya Daga Iyalan Baba Likita

Assalamu alaikum.

Alhamdulillahi ala kulli halin. An tashi daga zaman makokin mahaifinmu, Baba Likita, baƙin nesa sun koma gidajensu. Umma ta ce kada in kwanta sai na rubuta wannan, domin wayoyinmu cike suke da saƙonnin ta'aziyya da ba mu samu sukunin amsawa ba. Wanda ya kira ba a ɗauka ba, ya yi mana uzuri.

Kun bi mu tun daga kumburin ƙafa har aka shiga wankin ƙoda, don haka ba sai na maimaita ba. Dare ɗaya kawai zan ba ku labarinsa. Jinin Baba ya yi ƙasa ƙwarai, likitoci suka ce sai an yi masa ƙarin jini kafin a ɗora shi a na'ura. Rukuninsa O negatif ne, mai shi ba ya karɓar kowane jini sai irin nasa, kuma masu shi ƙalilan ne. Aka gwada mu 'ya'yansa, babu wanda ya dace. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan daren ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nemo wa 'ya'yan wasu jini, ga shi kwance yana numfashi sama-sama, mu kuma muna tsaye ba mu da abin da za mu ba shi.

Ƙanwata ta jefa cigiya a WhatsApp. Kafin asuba sai ga wani bawan Allah da kayan aikin gyaran babur a jikinsa, yana karkato kunnensa na dama duk lokacin da aka yi masa magana. Aka gwada, ya dace. Bayan an ɗibi leda ɗaya na miƙa masa kuɗin mota, ya riƙe hannuna ya mayar. Ya ce, "Yallaɓai, ba ka san ni ba. Shekarar sanƙarau uwata ta goyo ni zuwa ƙofar gidanku, wuyana a sandare. Kunne ɗaya na rasa, raina kuwa Allah ya bar min shi ta hannun mahaifinka."

Manyanmu sun san shekarar da yake nufi, 1996. Da zafin bazara sanƙarau ya yi ƙamari, fiye da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, ga amai da gudawa da ƙyanda sun haɗu da shi a Kano. Asibitin Zana ya cika ya batse. Ina yaro a lokacin, abin da na riƙe shi ne zaurenmu ya koma ɗakin jinya, ledojin ƙarin ruwa rataye a ƙusoshin bango, Baba yana bin yara da allura ɗaya bayan ɗaya, Umma tana dama kunu ga iyayensu. Shi wannan bawan Allah da ya ba da jinin ya ƙi faɗa min sunansa sai da na matsa, kuma ya roƙi kada in rubuta. Ɗan'uwa, na cika maka alkawari. Allah ya biya ka da gidan Aljanna, ya raya maka zuri'a.

A zaman makoki na ƙara sanin mahaifina. Gida guda za su shigo, kaka da uwa da jika, kowa ya ce likitansa ne. Ya san gidan da hawan jini yake bi, ya san wanda ba zai sha maganin suga ba sai an kira matarsa an damƙa mata. Wani dattijo ya tuna mana da 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda raɗe-raɗin cewa yana hana haihuwa. Baba bai yi musu da kowa ba. Da aka dawo da shi a 2004, ƙannena ya fara fitowa da su ƙofar gida aka ɗiga musu a gaban jama'a. Ya sha baƙar magana a kan haka, ya kuma rayu har ya ji sanarwar 2020 cewa an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar. Haka ya yi ta fama da iyaye kan gwajin sikila kafin a sa rana, tun kafin Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024.

Na san ba a so a riƙa ware mutane a godiya, amma akwai waɗanda ba zan iya tsallakewa ba. Sista, wadda ta yi aiki da shi tun yana da baƙin gashi, ke kika riƙa juya shi kina shafa masa mai don kada bayansa ya yi gyambo. Gwaggo ta Gwammaja, da ciwon gwiwarki ba ki fasa kawo abincin da ba gishiri ba. Malam liman da ya yi masa wanka da sutura, mai unguwa, matasan layinmu da suka haƙa kabari cikin rana, mai kemis na bakin titi da ya ce a ɗauka a biya daga baya, ma'aikatan ɗakin wankin ƙoda da suke ce masa Malam duk da shi ne a kan gado. Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Akwai 'yan'uwa na jini da Baba ya yi ta tambaya ko sun zo, muna ce masa suna hanya. Shi ya karɓi haihuwar wasu daga cikin 'ya'yansu. Mun ga saƙonninku bayan rasuwa, mun gode. Allah ya bar zumunci.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk daren da ya tashi daga barci saboda ɗan wani, ka sanya masa shi a mizani. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka ba Umma haƙuri da juriya, ka ba marasa lafiyar da muka baro a asibiti sauƙi, ka kyautata namu ƙarshen.

Masu katin hawan jini da suga, Sista za ta riƙa zama da safe a ɗakin duba marasa lafiya, ku zo ku karɓi takardunku ku kai wa likitan da za ku koma gani, kuma don Allah kada a tsayar da shan magani. Wanda yake bin Baba bashi, komai ƙanƙantarsa, ya same ni a gida bayan la'asar. Waɗanda shi yake bi kuɗin magani kuwa, ya bar wasiyya cewa ya yafe.