Abin da kwalta ta ci, da abin da ya gagare ta

Yau wani abokina ya nuna mini kayan da ke jikinsa ranar da babur ya zame da shi. Allah ya kiyaye, da ƙafarsa ya zo. Wandon jins ne na auduga zalla, gwiwar ta ɓule gaba ɗaya, kwalta ta cinye yadin har ta kai ga nama. Rigar kuwa ta fatar saniya ce mai kauri. Kafaɗa da gwiwar hannu sun gurje sun yi fari-fari, amma ko huda babu. Na daɗe ina shafa wurin da yatsa, jikina ya yi sanyi.

Yawancinmu in za mu sayi kayan hawa babur, launi muke dubawa, sai kuma ko rigar za ta sa mu gumi. Kwalta ba ruwanta da ado, gurza take yi, gurzar kuma zafi take haifarwa, har yadin roba mara kauri kan narke ya manne a fatar mutum. Shi ya sa ake yi wa wando shafi da Kevlar, wani zare mai ƙarfi, don ba ya narkewa haka, ko a ɗinka riga da wani yadi mai kauri da juriya da ake kira Cordura. Kayan da aka gwada bisa ma'aunin Turai na EN 17092 suna ɗauke da alama: AAA ta fi AA juriya, AA ta fi A. Ɗinki ma abin dubawa ne, don in zare ya tsinke, ingancin yadi ya tashi a banza. Ni dai daga yau, kafin in sayi rigar babur sai na juya cikinta na karanta alamar.