Laraba, jajibirin taro a Victoria Island, Legas

Ruwa ya sauko tun asuba, ya ɗauke wajen tara, ya bar iska mai nauyi kamar rigar da ba ta bushe ba. Gobe zauren taron da nake kula da sanyinsa da wutarsa zai karɓi mutum dubu biyu, saboda haka yau ranar gwaji ce.

Da injin sanyaya ruwan da ke sanyaya iskar zauren muka fara. Ƙa'ida ita ce ruwa ya fita a digiri 7, ya zagaya bututu, ya dawo a 12. Yau a 9 yake fita. Muka hau rufi, muka tarar ganyen alminiyam na kwandansa, wato sashen da ke fitar da zafin injin waje, ya cushe da ƙura, gishirin teku kuma ya fara cinsa. Wannan ciwon duk wani gini ne na kusa da Atilantika. Wanki da ruwa mai daɗi, a hankali, don famfo mai ƙarfi lanƙwasa ganyen yake yi. Kafin azahar ya koma 7.

Sai ga ɗigo daga silin a kan kujerun gaba. Yaron aikina ya ce, "Oga, rufi ne ke yoyo." Na ce masa ya duba baya tukuna. Masu shigo da kayan rumfuna sun bar ƙofar sauke kaya a buɗe tun safe, danshin waje ya shigo ya haɗu da ƙarfen bakin iska mai sanyi, ya zama gumi. A Legas rabin aikin sanyaya zaure cire danshi ne. Mai zanen da ya sa ƙofa biyu a wurin kaya, a rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya, ya ceci man dizal fiye da wanda ya lulluɓe gini da gilashi mai sheƙi. Gilashin da ke kallon yamma kuwa murhu ne da la'asar.

Lissafin gobe: mutum a zaune yana fitar da zafi wajen wat 100, dubu biyu kilowat 200 ke nan, ban da allon nuni da fitilu. Don haka za a kunna sanyi awa uku kafin baƙi, a tsayar a digiri 23. Masu taro kan nemi 18, daga baya su aiko a rage.

Da la'asar muka yanke wutar gari da gangan. Janareto ya karɓa cikin daƙiƙa 12. Allo da na'urar sauti suna kan batir, ba su ko ƙifta ba. Abin da ban so ba shi ne babban janareto yana aiki ranar shiri, zaure ba kowa. Injin dizal idan nauyinsa bai kai kashi 30 cikin ɗari ba, mai ba ya ƙonewa sosai, baƙin maiƙo ya riƙa fita ta salansa. Na rubuta a koma ƙaramin. Kowane kilowat na awa ɗaya yana shan kusan kwatan lita zuwa sama, ga kuɗin wutar Band A, rukunin masu samun wutar gari mafi yawan awanni, da ya tashi tun Afrilun 2024. Rufi mai faɗin nan sola yake jira, ko don ofisoshi da fanfunan ruwa da rana.

A hanyar gida na hango babban gidan wasan Iganmu, wanda aka kammala a 1976 saboda bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977, da siffarsa ta hular soja. Samfurinsa daga Varna ta Bulgeriya aka ɗauko, inda akwai teku amma babu danshinmu. Gobe ƙarfe biyar zan fara da duba ƙofar baya.