Littafina na farko na yara da abin da haruffa masu ƙugiya suka jawo mini

Har yau in na ga littafin yara na Hausa a kanti, ba na fara duba hotuna, sai na buɗe tsakiya na nemi ƙ da ɗ da ɓ. Abin da ya same ni a maɗaba'a ne ya bar mini wannan hali, kuma ban huce ba tukuna.

Ni malamar firamare ce a Kano. Labarin da na rubuta gajere ne, na wata yarinya da ƙadangaren da ke zuwa gindin randar gidansu shan ruwa. Rubutun bai ba ni wuya ba, don na sha karanta wa 'yan ajina shi, duk inda na ga sun fara mutsu-mutsu sai in yanke. Na kai shi zaman karatu na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen Kano, aka yi mini gyara, aka kuma haɗa ni da mai zane. Kuɗin zanen ya fi yadda na zata, amma ya cancanta, domin yaron ya zana zaure da randa da moɗa yadda ɗan Bahaushe zai gane gidansu. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, na nema daga Laburaren Ƙasa, ita ma ta zo ba tare da wani dogon turanci ba.

Shafi 24 muka yi, domin a wurin masu ɗab'i shafuka bibbiyu ba sa tafiya, sai huɗu-huɗu ko takwas-takwas, gwargwadon yadda ake ninke babbar takarda. Na biya kafin alƙalami, aka buga mini kwafin gwaji, na duba shi harafi bayan harafi. Komai daidai. Na ce a buga 500.

Ranar da aka kawo katan-katan, bangon ya yi kyau har na kira mahaifiyata a waya. Washegari na raba wa 'yan aji biyu. Wata yarinya ta tashi za ta karanta, ta tsaya a layin farko, ta ce, "Malama, ai wannan ka ce, ba ƙa ba ce." Na karɓa na duba. Babu ƙugiya ko ɗaya a cikin littafin, daga farko har ƙarshe. Ƙadangare ya koma Kadangare, ɗaki ya koma daki, ɓera ya koma bera.

Abin da ya faru shi ne, bayan na amince da kwafin gwaji, yaron da ke kan kwamfuta ya ga wai haruffan sun yi kama da na takardar ofis, sai ya sauya su a manhajar zane ta CorelDRAW da wasu masu kumbura-kumbura da yake ganin sun fi dacewa da yara. Sababbin ba su da haruffanmu, sai 'yan akwatuna suka fito a gurbinsu. Shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cike da k da d da b. A ganinsa gyara ya yi.

Da na koma, mai wurin ya ce, "Hajiya, ai duk Bahaushe zai gane. Ko a Facebook wa yake sa musu ƙugiya?" Wannan magana ta fi asarar yi mini ciwo. Babba yana ganewa domin ya riga ya san kalmar, idonsa tsallakewa kawai yake yi. Yaro ɗan shekara 6 kuwa haɗa baƙi da wasali yake yi, abin da ya gani shi zai furta. A aji muna koya masa ƙ a matsayin harafi mai zaman kansa da sautinsa daban, haka ma littattafan shirin Mu Karanta da aka raba a makarantun Bauchi da Sakkwato suke koyarwa. Ta yaya zan koya masa abu da safe, in miƙa masa littafi mai sunana da ya rushe shi da rana? Haruffan nan ba jiya aka ƙirƙiro su ba, tun shekarun 1930 aka shigar da su rubutun boko daga Zariya, zamanin Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar wallafa littattafan Hausa a can, lokacin da da dalma ake zuba kowane harafi. Su sun iya, mu da kwamfuta a gabanmu ne za mu ce ba dole ba?

Ya ba ni shawara in bi su da biro in lanƙwasa, ko in karya farashi in sayar. Na ƙi duka biyun. Bayan an kai ruwa rana, da sa bakin wani dattijo da muke mutunci da shi, muka daidaita a kan shi zai sake farantin bugu na baƙin launi ya kuma yafe ladan bugu, ni in sayi takarda. Farantan sauran launuka uku suna nan lafiya, tun da rubutun baƙi ne zalla. Bangon ma ya tsira, domin mai zane da hannu ya rubuta sunan littafin. Amma takarda ita ce kuɗin. Kusan duk daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin rim bai zauna wuri ɗaya ba. Kuɗin adashin da na ware don kai littafin makarantu, a nan ya ƙare.

Duk mai shirin buga wa yara littafi, don Allah kada ki miƙa wa maɗaba'a rubutun da za a iya taɓawa. Ki zauna kusa da mai kwamfutar har ya mayar da haruffan zane, ya fitar da PDF a gabanki. Kwafin gwajin ƙarshe ki sa hannu a kowane shafi, shi ma ya sa, kowa ya riƙe nasa. Da wannan takarda a hannuna, da ko kwabo ban ƙara ba. A bugu na biyu na yi amfani da Andika, samfurin haruffa na kyauta da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta tsara don masu koyon karatu, yana da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y.

Littafin ya fito daidai, na aika kwafi uku Laburaren Ƙasa kamar yadda dokar 1970 ta tanada, makarantu biyu na unguwarmu sun ɗauka. Yanzu ina kan na biyu, kuma na riga na gaya wa sabon mai ɗab'in cewa ranar da za a fitar da faranti ina wurin.